Yaƙin Kwana Uku, Jinyar Wata Huɗu da Rabi

A darasinmu na wannan wata za mu duba wani sashi na labarin yaƙi wanda masu-ba da labari su kan tsallake. Su kan gaya mana sunan sarkin yaƙi, da yawan mayaƙansa, da wanda ya kori wani, daga nan sai su naɗe tabarma. Amma sa'ad da igwa ta yi shiru, rundunoni suka tashi, akwai waɗanda ba su iya tashi. Waɗannan fa, ina a ke kai su? Wa ya ke ba su ruwa, ya ɗaure musu rauni, ya zauna da su har su warke ko su cika? Domin mu ga amsa da kyau za mu ɗauki gari guda, watau Getisbag, a jihar Fensilfeniya ta ƙasar Amurka, inda aka yi karo mafi girma na yaƙin basasar ƙasar a shekara ta 1863. Kafin a fara, bari mai-koyarwa ya sa a karanta Luka 10:25-37, gama za mu komo wurin a ƙarshe.

1. Yadda aka yi yaƙin

Yaƙin basasar Amurka ya tashi a shekara ta 1861, bai ƙare ba sai 1865. Tushensa bauta ne. A jihohin Kudu na ƙasar akwai baƙar fata wajen miliyan 4 cikin bauta, su ne su ke noman auduga da taba da rake. Da aka zaɓi Abraham Linkon shugaban ƙasa, shi kuwa ya ƙi a kai bauta cikin sababbin yankuna, sai jihohi 11 na Kudu suka ɓalle. Jihohin Arewa suka ce ƙasa ba za ta rabu ba. Mutanen da suka mutu a yaƙin sun wuce 600,000, waɗansu masana na baya ma sun ce sun kai wajen 750,000.

A watan Yuni na 1863 Janar Robert Lee ya ɗebo rundunar Kudu ya shiga ƙasar Arewa. Janar George Meade ya tare shi a Getisbag, ƙaramin gari na mutum wajen 2,400, inda hanyoyi goma su ke haɗuwa. Soja fiye da 160,000 suka gwabza ran 1 da 2 da 3 ga Yuli. Wajen mutum 7,000 suka kwanta matattu a gonaki, banda dubban dawaki. Ran 4 ga wata da yamma, ana tsuga ruwan sama, Lee ya juya da baya. Ya ɗora masu-rauninsa waɗanda za su iya tafiya a kekunan doki, jerin kekunan ya kai mil 17, da yawa suka cika a hanya saboda girgiza. Meade ya bi sawunsa. Aka bar masu-rauni wajen 21,000 a garin da kewayensa, na Arewa wajen 14,000, na Kudu kusan 7,000. In mun raba su ga mutanen garin, har da jarirai da tsofaffi, kowane mutum ɗaya ya tashi da majiyyata kusan tara.

2. Gari ya zama asibiti

Babu asibiti a Getisbag. Saboda haka kowane wuri mai-rufi ya zama asibiti: ɗakin shari'a, da makarantu, da kantuna, da bargar dawaki, da gidajen mutane. Makarantar koyon aikin fasto ta Lutaran, wadda ta ke bisa tudu yamma da gari, ta ɗauki masu-rauni wajen 600. Ɗakunan sujada suka cika maƙil. Aka shimfiɗa katako bisa bencuna, aka zuba ciyawa, aka kwantar da mutane a jere, har ba wurin sa ƙafa. A inda a ke raira waƙa ran Lahadi, nan likita ya kafa teburinsa yana yanka. Ba mu ji cewa dattawan ekklesiyai sun rufe ƙofa domin kada jini ya ɓata daɓe ba.

Duk da haka rufi bai isa ba. Dubbai suka kwana a fili, ƙarƙashin itatuwa, ba bargo. Ruwan saman nan na ran 4 ga wata ya sa rafi ya cika ya yi ambaliya, waɗansu da aka kwantar a bakin rafi ba su iya ja da jikinsu ba, ruwa ya ci su. Abinci ya ƙare, gama rundunoni biyu sun riga sun lashe abin da ke cikin ƙasar. Rijiyoyi suka ƙafe ko suka ɓaci. Ga wari, ga ƙuda. An kuma lalata hanyar jirgin ƙasa, sai da aka yi kwanaki kafin jirgi ya iso da kaya.

3. Shirin Likita Letterman

Da a farkon yaƙin ne wannan ya faru, da abin ya fi haka muni. A shekara ta 1862, bayan wani karo a Bajiniya, masu-rauni sun yi kwanaki a fili, waɗansu har kusan mako guda, ba wanda ya ɗauke su. A lokacin masu-kiɗan soja da 'yan ƙwadago a ke sa wa aikin, su kuwa da sun ji ƙarar igwa sai su ranta a na kare.

Wani likitan soja, Jonathan Letterman, shi ya gyara wannan. Ya kafa ƙungiya ta musamman ta masu-ɗaukar masu-rauni, aka koya musu aikin, aka ba su kekunan doki nasu waɗanda ba hafsan da ya isa ya ɗauka ya yi dakon kayansa. Ya shirya aikin hawa uku. Na fari, wurin ɗaure rauni kusa da bakin dāga, inda a ke tsai da jini. Na biyu, asibitin fili a baya kaɗan, inda a ke yanka. Na uku, babban asibiti a birni, inda mutum zai kwanta har ya warke. A Getisbag yana da kekuna wajen 1,000 da likitoci wajen 650. Kafin gari ya waye sosai ran 4 ga Yuli, an kwashe masu-rauni daga dukan filin da ke hannun sojan Arewa.

Amma abu biyu suka ɓata shirin. Na ɗaya, kafin a fara karo Janar Meade ya ba da umurni a mai da kekunan kaya baya, wajen mil 25, domin hanya ta buɗe wa igwa da harsashi. Tantunan asibiti da tukwane da barguna duk suka tafi tare da su. Ɓangare guda ne kaɗai na rundunar ya riƙe kekunan asibitinsa, shi ne kuwa ya iya wanke masu-rauninsa, ya ciyar da su, ya sa su a inuwa nan da nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, da runduna ta tashi bin Lee, ana tsammanin wani karo a gaba, sai Letterman ya tafi da yawancin likitoci, ya bar 106 kaɗai. Ko da ya ke waɗansu likitocin Kudu sun tsaya tare da mutanensu, aikin ya fi ƙarfin hannuwan da ke wurin nesa ba kusa ba.

4. Aikin likitoci

Me ya sa aka yi ta yanke hannu da ƙafa a yaƙin nan? Harsashin lokacin na darma ne mai-taushi, mai-nauyi. In ya bugi ƙashi ya kan baje, ya farfashe ƙashin gutsi-gutsi, ya tura ƙyallen riga da datti cikin nama. Ba dabarar ɗori da za ta haɗa irin wannan. In an bar shi, nama ya ruɓe, zazzaɓi ya kama mutum, ya mutu. Likitoci sun gane cewa wanda aka yanke wa gaɓa cikin kwana biyu na fari ya fi samun rai bisa ga wanda aka jinkirta. A dukan yaƙin an yanke gaɓoɓi wajen 60,000, cikin kowane mutum huɗu da aka yanka wajen uku sun rayu.

Akwai masu-cewa ido biyu a ke yanka mutane a lokacin. Ba haka ba ne. Kusan kullum a kan ɗiga maganin sa barci, watau kulorofom, a ƙyalle, a sa wa mutum a hanci har ya fita hayyacinsa. Abin da likitocin ba su sani ba shi ne ƙwayoyin cuta. Likita ya kan goge wuƙa da zarto a rigarsa ya kama na gaba. Da soso ɗaya da ruwan bokiti ɗaya a kan wanke raunin mutum da yawa. In mugunya ta fito, a kan ce alamar warkewa ce. Sai a shekara ta 1867 Joseph Lister na Ingila ya bayyana yadda tsabtace hannu da kayan aiki da magani ya ke hana rauni ruɓewa. Shekara huɗu kaɗai tsakani! Har wa yau, cikin kowane soja uku da suka mutu a yaƙin, biyu cuta ce ta kashe su, kamar su atuni da zazzaɓin taifot, saboda ƙazamin ruwa da ƙazamin sansani.

Tun da ya ke likitoci kaɗan ne, dole suka raba mutane kashi uku. Mai-ƙaramin rauni ya jira. Wanda yanka za ta cece shi a kai shi tebur. Wanda aka harba a ciki ko ƙirji ko kai, a kan ba shi maganin rage zafi, a kwantar da shi gefe guda. Wannan kashi na uku ba abin da likita zai ƙara musu. Amma suna jin ƙishirwa, suna jin tsoro, suna so a aika wa iyayensu. Aikin da ya rage na waɗansu hannuwa ne.

5. Hannuwan da ba na likita ba

Matan garin ne suka fara. Salome Myers malamar makaranta ce, shekararta 21, ta kuwa sani ba ta iya kallon jini. Aka kira mata su zo ɗakin sujada na Katolika su taimaka. Mutum na fari da ta durƙusa kusa da shi, wani saje ne wanda likita ya riga ya fid da rai gare shi. Ta fita waje ta yi kuka, sa'an nan ta share hawaye ta komo. Ta sa aka kai shi gidan mahaifinta, ta yi jinyarsa har ya cika bayan 'yan kwanaki, ta rubuta wa danginsa. Daga nan ta ci gaba da aikin makonni da yawa. Wata yarinya kuma, Tillie Pierce, mai-shekara 15, iyayenta sun aike ta wata gona bayan gari domin ta tsira, ashe gonar ce za ta zama asibiti. Ta yi ta ɗiban ruwa tana ba soja.

Daga wani gari mai-suna Emitsbag, wajen mil 10 kudu, sistocin Katolika suka taso ran 5 ga Yuli da ƙyallayen ɗaure rauni da abinci, suka ratsa tsakanin gawawwaki suka shiga aiki. Daga jihar Niyu Jasi wata budurwa mai-shekara 23, Cornelia Hancock, ta taso. A tashar jirgi ta Baltimo shugabar masu-jinya ta gwamnati, Dorothea Dix, ta ƙi ta, ta ce ta cika ƙuruciya. Cornelia ba ta yi gardama ba, sai ta hau jirgi ta zauna. Ta iso ran 6 ga wata, ba ta taɓa koyon jinya ba. Daren nan ta ɗauki takarda da fensir, ta bi benci benci tana rubuta wa masu-mutuwa wasiƙarsu ta ƙarshe. Ta yi jinyar soja har ƙarshen yaƙi, bayan yaƙi kuma ta tafi Kudu ta buɗe makaranta domin 'ya'yan bayin da aka 'yanta.

Ƙungiya biyu suka kawo kaya. Ɗaya ita ce Ƙungiyar Tsabta, wadda aka kafa a 1861. Mata a dubban garuruwa sun daɗe suna ɗinka riguna, suna naɗe bandeji, suna tara kuɗi, ana ajiyewa a ma'aji tun ba a san inda za a yi karo ba. Kekunanta na fari sun iso tun ana harbi. Ta kafa tantuna kusa da tashar jirgi, inda Georgeanna Woolsey da mahaifiyarta suka yi mako uku suna ba kowane mai-rauni romo da burodi da gahawa kafin a ɗora shi a jirgi. Ta biyu ita ce Ƙungiyar Kirista, wadda ta fito daga ƙungiyar samarin Kirista a Nuwamba 1861. Wakilanta, fastoci da sauran masu-bi, ba a biyansu ko anini, a dukan yaƙin sun kai wajen 5,000. Mai-wa'azin nan D. L. Moody ma ya yi wannan aiki a waɗansu fagagen. Sun zo da littattafai, amma nan da nan suka ga mai-ƙishirwa ba ya jin wa'azi sai ya sha. Suka tuɓe kwat, suka wanke raunuka, suka yi dafuwa, suka haƙa kabari, sa'an nan suka yi addu'a da wanda ya so.

Kada mu ɓoye ɗaya gefen. Waɗansu manoma sun sayar wa masu-rauni burodi da madara da tsada, har akwai waɗanda suka karɓi kuɗi kafin su ɗauki mutum a kekensu. 'Yan kallo kuma suka cika gari suna tsintar bindigogi da maɓallai domin su kai gida. Waɗansunsu da soja suka kama, sai aka sa su binne mushen dawaki.

6. Masu-rauni na abokan gāba

Sojan Kudu kusan 7,000 suna kwance a ƙasar da suka zo ci. Sun kwashe dawaki da shanu da hatsin mutane. Abin da ya fi muni, sun kama baƙar fata a Fensilfeniya, har da waɗanda aka haifa 'yantattu, suka kora su Kudu cikin bauta. Baƙar fata na Getisbag da yawa sun gudu sun bar gidajensu saboda wannan. Ashe ƙiyayyar tana da dalili. Gaskiya ne kuma sau da yawa na Kudu ne a ke dubawa daga baya, waɗanda suka warke kuwa aka kai su sansanin fursuna. Duk da haka an ɗauke su, an yi musu yanka, an ciyar da su daga tukunya ɗaya. Sistoci da wakilan ƙungiyoyin nan biyu sun ba da ruwa da riga ba tare da duban launin kayan soja ba. Dalilin yaƙin Kudu mugu ne, amma yaron da ƙafarsa ta farfashe ya riga ya fita daga yaƙi, ya zama majiyyaci.

A shekarar nan ta 1863 aka kafa ƙungiyar Red Cross a birnin Janiba, saboda abin da Henri Dunant ya gani na masu-rauni da aka yasar a Solferino ta Italiya a 1859. A 1864 ƙasashe 12 suka sa hannu cewa a yi jinyar kowane soja mai-rauni ko na wane gefe ne, kada kuma a taɓa asibiti da masu-aikinsa. Amurka ta shiga alkawarin a 1882.

7. Asibitin tanti

Da jirgi ya fara tafiya, aka riƙa kwashe mutane zuwa manyan asibitoci a Baltimo da Filadalfiya da Niyu Yok. Kafin ƙarshen Yuli an tafi da wajen 16,000. Sauran wajen 4,000 ba su iya tafiya. Aka tattara su a wata gona mai-tudu gabas da gari, kusa da hanyar jirgi, inda akwai idon ruwa da inuwa, aka kafa tantuna fiye da 400 a jere, da wurin dafuwa, aka sa wa wurin sunan Letterman. 'Yan kallo sun watse, jaridu sun koma kan wani labari, amma masu-jinya suna nan suna sake bandeji safe da yamma. Ran 19 ga Nuwamba Shugaba Linkon ya zo keɓe maƙabartar soja, ya yi jawabinsa na minti biyu wanda duniya ta ke tunawa. A kwanakin nan ne aka naɗe tantunan ƙarshe. Harbi kwana uku, jinya wata huɗu da rabi. Waɗanda suka koma gida da ƙafar katako kuwa, jinyarsu ta koma hannun mata da uwaye har ƙarshen ransu.

8. Abin da za mu koya

Mu ma ƙasarmu ta ɗanɗana yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, akwai gidaje da yawa da suka san wannan labari ba a takarda ba. Ko ba yaƙi, mota ta kan faɗi, annoba ta kan shigo, rikici ya kan tashi. Bari mu riƙe abu huɗu.

Na fari, tausayi yana bukatar shiri. Bargon da ya rufe soja a Getisbag, wata mace ce ta ɗinka shi watanni kafin yaƙin. Basamariyen da muka karanta labarinsa yana tafe da mai da ruwan inabi da kuɗi a jakarsa.

Na biyu, rashin ilimin likita ba hujja ba ne. Mai-ɗiban ruwa da mai-dafa romo da mai-rubuta wasiƙa duk sun yi jinya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu kuwa mun san abin da likitocin 1863 ba su sani ba: sabulu, da tafasasshen ruwa, da ƙyalle mai-tsabta suna ceton rai.

Na uku, rauni ba shi da kabila. Yahudawa da Samariyawa ba su ga maciji da juna, Ubangiji kuwa da gangan ya zaɓi Basamariye ya sa shi cikin misalin.

Na huɗu, a daɗe ana yi. Ranar da abu ya faru kowa ya kan zo. Basamariyen ya kwana da mutumin, ya biya mai-masauki, ya kuma yi alkawarin komowa. A wata na uku ne a ke sanin mai-jinya na gaskiya.

Tambayoyi

1. Me ya sa ɓangare guda na rundunar Arewa ya fi sauran kula da masu-rauninsa?
2. Waɗanne ayyuka ne mutanen da ba likitoci ba suka yi? Wanne a ciki za ka iya yi a wannan mako?
3. Mutanen Getisbag suna da dalilin ƙin sojan Kudu. Me za mu ce wa ɗan'uwa wanda ya ce ba zai taimaki wanda ya cuce shi ba?
4. In aka kawo masu-rauni 50 ƙofar ɗakin sujadarmu yau da dare, me mu ke da shi a ajiye, wa zai yi me?
5. Wanene a garinmu ya daɗe a kwance har mun daina zuwa gaishe shi? Ku faɗi ranar da za ku tafi.